Yari, Maginin da Ya Ji Tsoron Rumbu

Kafin rana ta fito Yari ya riga ya isa kududdufin da ke yamma da Illela, inda ake ɗibar laka. Ba ya doguwar gaisuwa. Yakan tsuguna, ya gutsuro ƙasa, ya jiƙa ta, ya shafa a kumatunsa. Baƙo in ya gani sai ya ce taɓin hankali ne. Ba shi ba ne. Yatsunsa ba sa ji, ɗan abin da ya rage daga cikinsu, shi ya sa kumatu suka karɓi aikin. In lakar ta kama fata ta ja, ta gini ce. In ta zube kamar gari, ya tashi ya matsa gaba. Daga nan sai ya cire hula ya yi addu'a a tsaye, da ƙarfi, kamar mai magana da maƙwabci ta kan danga. Masu jakai sun saba da shi. Sun ce rabin addu'ar godiya ce, rabin kuwa tambaya.

Bana ya ce ya sauka. Gwiwa ta ƙi tsani, ido ya fara yana. Har yanzu yana zuwa kududdufin, amma dubawa kawai.

Ni ba mai yabo ba ne, ban saba ba. Sai dai mu masu bin Almasihu a wannan bakin iyaka ba mu cika tabarma biyu ba ran Lahadi. In ɗayanmu ya yi aiki ya gama, a faɗa tun yana da kunnen ji. Abin da zan faɗa daga bakin waɗanda suka gani na samo shi: yayarsa Tasalla, da Altine ta Kalmalo, da Jaɓɓo, Bafillace makiyayi. Dukansu Musulmi ne. Ba su da dalilin ƙara masa gishiri.

Yari maginin rumbu ne, rumbun laka, wanda mu a nan muke kira ruhewa. Gadon gidansu ne. Tun yana saurayi sunansa ya kai Gidan Katta, ya kai Garu. Ruhewarsa takan fi mutum biyu tsawo, bangonta kuwa bai fi na tukunya kauri ba, kuma damina ta zo ta wuce bai tsage ba. Ya san ya iya. Mutum ne mai zafi a lokacin. In ya tarar da tsakuwa a cikin laka, mai kwaɓin ya sha mari.

Bayan shekarar da fara ta cinye gonaki, ciwo ya same shi. Farin tabo a hannu, sai wani a baya, sai yatsu suka fara mutuwa. Kuturta. Aka ware masa ƙwarya. Matarsa ta koma gidansu. Waɗanda ke aiko masa da goro tun kafin kaka don ya fara da gidansu suka daina. Babu mai son hannun kuturu a inda zai zuba abincinsa.

Da aka ji Turawan mishan sun buɗe wurin jinyar kutare kusa da Sakkwato, wani mai jakin gishiri ya ɗora shi ya kai shi. Ya daɗe a can. Ya sha allurar mai, wadda ya ce ta fi harbin kunama. A can ya ga mutum ya durƙusa yana wanke masa miki bai toshe hanci ba. Ya tambayi dalili, aka ba shi labarin Yesu. Ya saurara, ya yi gardama, ya sake saurara. A ƙarshe ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma. Ciwon kuma ya tsaya. Yatsun da suka tafi ba su dawo ba, ko da yake ya roƙa.

Ana gab da sallamarsa aka yi abin da ya rikita shi. Yari bai iya karatu ba, kunne ne makarantarsa. Wata Lahadi mai bishara ya karanta musu labarin wani mai arziki da gonarsa ta yi albarka, ya rushe rumbunansa don ya gina manya, kafin ya ci sai Allah ya karɓi ransa. Ya kuma karanta musu zancen tsuntsaye, da ba su da rumbu amma Allah yana ciyar da su. Sauran masu sauraro manoma ne da masaƙa. Suka ce amin, suka tashi. Yari kaɗai ne maginin rumbu a wurin. Ya zauna kamar an kira sunansa a gaban alƙali.

Ya ce a ransa, ashe abin da nake taƙama da shi ke nan. Ashe don wannan aka karɓe yatsun. Bai tambayi kowa ba, girman kai bai gama barinsa ba tukuna. A nan inda yake zaune ya yi wa Ubangiji alkawari: hannun da aka warkar ba zai ƙara gina rumbu ba.

Ya dawo Illela lokacin babban yaƙin Turawa, sa'ad da iyaka ta yi tsanani. Tasalla ta ba shi bukka a bayan gidanta. Ba ta ji daɗin sabon addininsa ba, ta faɗa masa sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Ya shiga share rumfunan kasuwa da koran jakin ruwa. Abin da ya samu ran nan shi zai ci ran nan, in ya yi saura ya bayar. Ba ya ajiye ko tsaba. Ranar da bai samu ba, tuwon Tasalla na nan.

Wata rana ta ajiye masa ƙwarya ta tsaya a kansa.

"Yari, ruhewata ta tsage ta gindi. Ka duba min."

"Yaya, na bar wannan aiki."

"Don mi?"

Ya ba ta labarin mai arziki, ya ba ta na tsuntsaye. Ta saurara har ƙarshe, hannu a ƙugu.

"To su tsuntsayen ga da kake koyi da su, ina suke ci?"

"Allah ke ci da su."

"Awo. Da gerona. Kullum ina korarsu bakin turmi. Kai ma tuwon ga da ka share yanzu, daga ina kake tsammani ya hito? Daga sama? Daga ruhewar da ka gina min tun kana da yatsu goma."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Yari ya rasa inda zai sa kansa. In rumbu laifi ne, to laifi yake ci safe da yamma. Ya gwada ƙin tuwon, jiri ya kayar da shi a kasuwa. Ya koma ci, yana ci yana jin kamar ɓarawo. Kuma babu wanda zai tambaya. A lokacin shi kaɗai ne mai bi a duk ƙasar nan, ni ban zo ba tukuna. Ruhewar Tasalla kuwa bai taɓa ta ba. Ita ta liƙe tsagar da kashin shanu, tana liƙewa tana zaginsa.

Ana nan sai ga zancen Altine. Mutuniyar bayan Ƙonni ce. Faransawa suka kwashi mijinta aikin hanya, bai dawo ba. Ta tsallako iyaka da 'ya'yanta da tsohuwar surukarta. Mai garin Kalmalo ya ara mata saura, gonar da aka daɗe ba a noma ba, kusa da tafki. Ita da tsohuwar suka noma, ruwa ya yi kyau, gero ya yi abin mamaki. Suka girbe, suka ɗaure, suka jibge dammuna a ƙasa, don ba su da inda za su zuba.

Ga al'adarmu, magini yakan fara da gidajen da ubansa ya yi wa gini, sannan dangi, sannan maƙwabta. Baƙo shi ne ƙarshe. Duk maginin da Altine ta je wa ya ce ta jira. Gara kuwa ba ta jira ba, ta fara daga ƙasa. Jaɓɓo, wanda garkensa ke kwana a gefen tafkin, ya zo ya faɗa mata gaskiya: da zarar hakimi ya ce an saki gonaki, shanu za su shigo cin kara, kuma saniya ba ta san damin baƙuwa ba. In geron ya tafi, ba ta da gida a nan da za ta roƙa, ba ta da hanyar komawa can.

Tasalla ce ta nuna mata bukkar Yari.

"Ina kwana, Magini."

Yari ya ɗaga kai. Tun kafin ciwo rabon da a kira shi haka. Ya miƙo mata hannuwansa biyu.

"Ba ki gani ba?"

"Na gani. Ba aure na zo nema ba, gini na zo nema."

"Mutane za su ce kuturu ya taɓa abincinku."

"Mutanen ga sun ba ɗiyana ko zangarniya guda?"

Sai ya faɗa mata ainihin abin. Ya ce ya yi alkawari. Ya ce wanda ya tsayar da ciwon yana da ikon sako shi, kuma shi ya san abin da ciwon nan yake yi wa mutum. Altine ba ta gane ba, ba ta kuma yi kamar ta gane ba.

"Ni ban san addininku ba, Baba. Amma Ubangijin naka, shi ya ba ni geron ga ko ba shi ba?"

"Shi ne."

"Don gara ya ba ni?"

Ya juya ya ɗauki tsintsiyarsa. Ta jira, ta gaji, ta tafi.

Washegari ya ce wa Tasalla zai je Kalmalo ya gani, gani kawai. Ya tarar da dammunan jibge. Ya sa ƙafa ya ture na ƙasa, rabinsa ya riga ya zama ƙasa. Yaran suna zaune a inuwa suna kallonsa. Altine ta ce tana nan tsaye ta ga ya sunkuya ya gutsuro ƙasar wurin, ya jiƙa da ruwan gora, ya shafa a kumatu, kamar bai san yana yi ba. Sai ya cire hula ya ce da ƙarfi, "Ubangiji, ban gane ba. In laifi ne, a kaina, ba a kanta ba." Ya juya ya ce mata, "Ina kuke da duwatsu?"

Ya jera duwatsu, ya shimfiɗa itace a kansu don kada gindin ya taɓa ƙasa, ya daɓe. Altine da surukarta suna ɗebo ruwa daga tafki, suna taka laka da ciyawa. Ruhewa ba a gina ta rana ɗaya. Za ka ɗora zagaye, ka bar shi ya sha iska, gobe ka ɗora wani. Kuma daga ciki ake ginawa. Da can da yatsu yake matse bango. Yanzu babu, sai ya koyi matsewa da gindin tafi, yana gyarawa da sakaina. Zagayen farko ya karkace, ya rushe shi. Na biyu ya tsaya.

Da bango ya wuce kansa sai ya zama shi kaɗai ne a ciki, sai laka da ake miƙo masa, sai sama. Ya ce a nan ya fara tunani irin wanda bai taɓa yi ba. Ya tuna mai jakin gishiri, wanda bai san shi ba, ya ɗauki kuturu har Sakkwato. Ya tuna tuwon Tasalla, ya ga cewa tun yana saurayi mai marin mutane Allah ya sa shi ya gina inda za a ajiye masa abincin tsufa, shi bai sani ba. Lakar Altine kuwa cike take da tsakuwa, don ba aikinta ba ne. Ya ga kansa yana tsince tsakuwar yana jefarwa waje, bai ce mata uffan ba. Ya tsaya ya dubi hannunsa. Wa ya cire marin? Allurar mai ba ta taɓa wannan wurin ba.

Ya kuma koma kan mai arzikin nan. Ya juya labarin gaba da baya, ya lura mutumin tun daga farko har ƙarshe bai ambaci kowa ba sai kansa. Altine kuwa bai taɓa jin ta ce gerona ba, sai dai abincin ɗiya. Zuciyarsa ta fara sauka. Tsohuwar ta ce har waƙa suka ji yana yi a ciki.

Sai ya ga tabon.

A damtsen dama, fari-fari, faɗin bakin ludayi. Haka na farko ya fito. A wurin jinya in an ga irinsa, sai a rufe wa mutum ido a taɓa wurin da auduga. In ya ji, ba ciwon ba ne. In bai ji ba, shi ne. Yari ba zai iya gwada kansa ba, don ido na gani zuciya za ta ce ta ji. Kuma tsoro bai bar shi ya ce wani ya gwada ba. Ya shafe wurin da laka. Bai faɗa wa kowa ba.

Duk tunanin da ya gina ya rushe. Ya ce, to ga amsa. Waƙa ta tsaya. Altine ta ce ranar nan ta ji yana magana a ciki kamar mai faɗa. "Ka ba ta gero. Ka kawo gara. Ka kawo ni. Yanzu kuma wannan. Mi kake so? In bari ne, ka ce bari in ji!" Ba a ce masa komai ba. Ya dubi ginin. Ruhewa marar wuya rami ce kawai, ba ta tsare komai. Ya leƙo ya ce, "Miƙo laka." Ba don ya gane ba. Don yaran suna waje.

Ranar rufe wuya ta zo. Ga yadda ake yi. Tsanin ciki gungume ne mai gwafa, ba zai bi ta ƙaramin baki ba, saboda haka ana zare shi kafin a tsuke. Magini ya tsaya a kan sandunan da aka gitta a ciki ya gama bakin. A waje an kafa dogayen gwafanni biyu, an ɗora itace ya ratsa bisa bakin, an sako igiya. In ya gama sai ya kama igiya ya hau sak, kada ya jingina da ɗanyar laka. Yari ya sha yin haka, bai taɓa tsayawa tunani a kai ba. Wannan karon ma bai tsaya ba. Ya sa aka zare tsani, ya tsuke baki, ya shafe shi sumul, rana tana tsaka. Ya kama igiya. Ta zame. Ya sake kamawa, ta sake zamewa. Kansa ya tuna aikin duka, abu ɗaya ya manta: hannun da ke hawa igiya ba shi ne wannan ba.

Cikin ruhewa da tsakar rana tanda ne. Mazan Kalmalo sun taru kallon ginin kuturu, suna ta cewa kai, hannu na nan. Da Altine ta ce wani ya hau ya kamo shi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wani ya ce ya ɗaura igiyar a ƙirji su ja daga ƙasa. Aka gwada. Ya yi lilo, kafaɗarsa ta gogi bakin, laka ta zubo. Ya yi ihu a tsaya. Aka sauke shi. Daga nan muryarsa ta fara ƙanƙancewa.

Altine ta dubi dammunanta, ta dubi ruhewar. Ta ce, "A kawo gatari. A hwasa gefe."

Daga ciki wata murya ta fito wadda ba a ji ba tun kafin ciwo. "Wanda ya taɓa ginin ga, in na hito sai na karya shi!"

"Da wane hannu?" in ji wani. Ba a yi dariya sosai ba.

Ana cikin haka sai ga Jaɓɓo da sandarsa a wuya. Ya zo ne ya ce an saki gonaki.

"Mi anka jefa ciki?"

"Magini."

Ya ji bayani. Ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya, ya tofar da yawu. Ya jingine sanda, ya cire takalmi, ya hau gwafa kamar mai sassabo wa shanu ganye. Ya kwanta rub da ciki a kan itacen, ya zura hannu.

"Kaɗo, miƙo."

"Bahillace, ka san ko ni wane ne?"

"Na san kai ka hana ni sakin shanuna. Na hidda maraƙi daga rijiya, bai yi min tambaya ba. Miƙo."

Yari ya miƙa na dama. Tafin duk laka, ba yatsun kamawa, ya sulle. Jaɓɓo ya ƙara zurawa ya cafki damtsen da hannu biyu, ya nutsa farce, ya ja. Yari ya ƙwalla ƙara har tsuntsayen tafki suka tashi. Kai ya fito, kafaɗa ta fito, bai taɓa bakin ba. Jaɓɓo ya ɗora shi a kan itacen kamar buhu.

Sai aka ga Yari yana dariya, hawaye na bin lakar fuskarsa. Ya rufe ido gam, ya miƙa damtsen.

"Ƙara. Nan, inda ka kama. Tsunkule ni."

"Mi?"

"Tsunkule ni, na ce!"

Jaɓɓo ya murɗe wurin kamar kunnen bijimi.

"Wayyo! Na gode, Ubangiji! Ƙara!"

Jaɓɓo ya leƙo ƙasa ya ce wa mutane, "Zahi ya dahe mai kai."

Tabon ƙyasbi ne kawai, ba kuturta ba. Tasalla ta goge shi da ganye, ya tafi. Ba zan ɓoye ba, Jaɓɓo da ya sauko tafki ya nufa, ya daɗe yana dirje hannuwansa da yashi har kafaɗa. Amma da ya gama, sai ya kora garkensa can ƙetaren ruwa, ya riƙe su a can har ruhewar ta bushe aka zuba gero aka ɗora mata hula. Gidan Altine suka ci har wata damina, da irin shuka a ciki. Ciwon bai dawo ba, har yau.

Mai karatu zai ce to daga nan Yari ya gane. Bai gane ba. Da wani mai bishara ya ratso, ya tambaye shi, aka ce masa labarin nan kan haɗama yake, ba kan gini ba. Ya gyaɗa kai. Bayan baƙon ya tafi ya ce amsar daidai ce amma ta yi gajarta. In ba don rumbu aka karɓe yatsun ba, don me? Me ya sa ƙyasbi bai tashi fitowa ba sai a wannan mako, a wannan wuri? Jaɓɓo, hakimi ne ya aiko shi ko Allah? Da na zo garin nan na faɗa masa ya bar tone-tone. Bai bari ba. Ni ma da na zauna da tambayoyin ban sami bakinsu ba.

Ya koma aiki dai. Ya fara da ruhewar Tasalla, ya kankare kashin shanun, tana tsaye tana cewa ai da nata ya fi kyau. Daga nan ya juya al'ada: baƙo ne farko a wurinsa. Duk wanda ya tsallako daga ƙasar Faransa ya noma bai da wurin zubawa, an san inda za a nuna masa. Sai dai kafin ya ɗora dutse yakan yi tambaya ɗaya: wa zai ci? In an kira sunaye, ya tuɓe riga.

Wata shekara Attahiru, babban ɗan kasuwar garin nan, ya aiko. Yana so a rushe ƙananan rumbunansa a gina manya. Yari ya zo wurina, ya ce labarin nan ya taso da ƙafarsa ya zo. Ni na ce kada ya je. Ya je. Ya yi tambayarsa. Attahiru ya yi dariya ya ce, "Zauna nan zaure har a hito da tuwo." Ya zauna. Ya ga fatake, ya ga makafi, ya ga matan unguwa da ƙore. Ya gina. Har yau ban tabbata wanenmu ke da gaskiya ba, shi ma ya ce bai tabbata ba. Rumbunan suna nan, ana ci.

Yari, da kai nake yanzu. Kai ne ka shiga rami kana tsammanin hukunci na jiranka a ciki, ka ce a miƙo laka. Kai ne ka ga tabo a jikinka ka ci gaba da ɗora zagaye don 'ya'yan da ba naka ba. Mun san masu wa'azi da suka fi ka baki. Ba mu san wanda ya fi ka tsayawa gaban Ubangiji da tambaya a baki da aiki a hannu ba. Ba ka taɓa yi mana ƙaryar ka gane abin da ba ka gane ba. Mai marin mutane ya zama mai tsince tsakuwa, mun gani da idonmu, mun kuma san ba aikinka ba ne kai kaɗai. Magini na baƙi, mun gode. Altine ta ce a gaishe ka, jikokinta ne ke hawa ruhewar yanzu. Jaɓɓo ya ce a faɗa maka ka fi maraƙin nauyi.

Ku kuma matasa masu bi, da ku nake. Na ga wasunku sun zauna sun naɗe hannu, wai suna jiran Allah ya bayyana musu nufinsa. Ku dubi abin da ya riga ya yi muku, ku dubi ƙwaryar da kuke ci ku tambayi inda ta fito. In akwai geron wani a ƙasa, ku tashi. In kuma kun tarar da mutum a rami, kada ku zama masu kallon ƙasa. Ku hau.

Ranar da ya ce ya sauka na same shi a ƙofar bukkarsa. Na ce, "To, ka gama. Yanzu ka gane?"

Ya juya hannuwansa a kan gwiwa.

"Na roƙe shi yatsu, bai ba ni ba," ya ce. "Ya ba ni hannun Bahillace. Ban san mi yake nuhi ba. Amma na hito."